Katin suna mai hoton nebula: daga zaɓen hoto har zuwa wuƙar maɗaba'a

A Jidda da Makka da Madina har yau kati yana aiki. Ka haɗu da mutum a walimar aure ko a harabar otal lokacin Umara, hira ta yi daɗi, amma kowa yana sauri, babu mai natsuwar tsayawa ya danna lambobi goma sha biyu a waya. Sai a miƙa kati. Illar ita ce yawancin katunanmu kamarsu ɗaya: farin fili, zanen dabino ko jirgin sama a gefe, rubutu ruwan gwal. Wanda ya karɓi irinsu goma a rana ba zai tuna naka ba. Hoton nebula, wato gajimaren iska da ƙura da ke can cikin sararin samaniya, inda taurari ke samuwa kuma inda suke barin burbushinsu idan sun mutu, yana fitar da kati daga cikin tsara. Kuma zancen samaniya ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun tafiyar Yarima Sultan bin Salman a 1985, balle bayan Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni sun je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2023.

Abin da ya kamata ka sani tun kafin ka taɓa kwamfuta shi ne, hoton da ya burge ka a waya ba haka zai fito a takarda ba. Allon waya haske yake fesowa, takarda kuwa tawada take sha, kuma hoton nebula rabinsa duhu ne. Wanda bai shirya wa wannan ba zai karɓo kwalin katuna masu baƙi ƙirin, da suna wanda sai an kai shi bakin taga kafin a karanta. Duk matakan da ke ƙasa wannan matsalar suke bi.

Fara da rubutun, ba da hoton ba

Ɗauki takarda da biro ka rubuta abin da zai hau katin: suna, aiki, lambar waya, sai imel idan kana duba shi da gaske. Duk layin da ka ƙara, wurin hoto ka rage kuma girman harufa ka matse. Layi huɗu zuwa biyar sun isa.

Akwai abubuwa uku da ba na ba kowa shawarar sakawa. Na farko aya ko sunan Allah a matsayin ado. Na san hoton samaniya yana jan zuciya ga ayoyin da ke magana a kan halittar sammai, amma kati abin aljihu ne, yana faɗuwa ƙasa, ana taka shi, ana share shi da shara. Na biyu tutar Saudiyya da tambarin takubba da dabino, domin an hana amfani da su a harkar kasuwanci. Na uku sana'ar da takardunka ba su ba ka izinin yi ba. Dokar ƙwadago a nan ba ta yarda baƙo ya yi wa kansa aiki ko ya yi wa wanda ba mai ɗaukar nauyinsa ba, saboda haka katin da ke tallata abin da ya saɓa wa iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, shaida ce ka buga da kuɗinka a kan kanka. Tallan hidimar Hajji ba tare da lasisi ba ma ya fi wannan haɗari. Idan kamfani kake wa aiki, nemi izini kafin ka saka sunansu. Ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura, ko uwargida mai son kati don zumunci kawai, suna da lamba sun wadatar, kuma irin wannan katin ne ma hoton ya fi samun sarari a kai.

Wace nebula?

Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci, kuma ba laifi, don abin kallo ne. Amma kana zaɓe kana tambayar kanka: ina wurin da sunana zai zauna?

Wadda na fi ba mafari shawara ita ce hoton da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fitar ranar 12 ga Yulin 2022, na wani yanki a Carina mai lamba NGC 3324, nisan kimanin shekarun haske 7,600. Shekarar haske guda kilomita tiriliyan 9.46 ce, don ka san irin nisan da ake magana. Ƙasan hoton kamar jerin tsaunuka ne ruwan goro da ruwan ƙasa, samansa kuwa shuɗi mai duhu, shimfiɗaɗɗe, kamar an tanade shi don rubutu. A kwance yake, daidai da siffar kati. Ƙarin armashi kuma, rukunin taurarin Carina shi ne gidan Suhail, tauraron da Larabawa ke jiran fitowarsa a ƙarshen Agusta su ce zafi ya fara karyewa. Ka miƙa wa Balarabe katin ka faɗa masa haka, kun samu abin hira.

Nebular Orion, M42, ita ce wadda za ka iya nuna wa mutum da yatsa. Daga Disamba zuwa Maris, idan ka fita daga hasken gari, ka nemi taurarin nan uku da ke jere a layi ɗaya, a ƙasansu kaɗan akwai wani haske dishi-dishi. Ita ce, nisan kimanin shekarun haske 1,350. Hoton da na'urar hangen nesa ta Hubble ta fitar a 2006 cike yake da ruwan hoda da ja. Matsalarta tsakiyarta, wadda haskenta ya yi yawa har tana fitowa fari fat a takarda. Ka yanko daga gefe.

Nebular M16, inda wasu ginshiƙan gajimare uku suke, hoto ne na tsaye, don haka ya dace da mai son kati a tsaye. Hubble ta fara ɗaukarsa a 1995, ta sake a 2014, Webb ta ɗauki nata a 2022. Kar ka ɗauki na 1995, ƙarami ne kuma kusurwarsa ta sama a gutsure take kamar matakala, saboda yadda kyamarar wancan lokacin take. Na baya-bayan nan biyun sun fi shi komai.

Nebular Ƙaguwa, M1, burbushin tauraron da ya fashe ne, wanda aka ga haskensa a duniya a shekarar 1054. Masanan Sin sun rubuta labarinsa, haka ma likitan nan ɗan Bagadaza, Ibn Butlan. Ga ma'aikacin asibiti ko kantin magani, wannan tarihi ne mai daɗin bayarwa. Sai dai hoton a cakuɗe yake, zare-zare ko'ina, babu inda rubutu zai zauna. Ka ba ta bayan katin ita kaɗai.

Akwai Kan Doki, Barnard 33, baƙin gajimare a kan jan fili, wadda Williamina Fleming ta fara lura da ita a wani hoto a Harvard a 1888. Akwai masu siffar zobe, M57 da Helix, waɗanda ke zama daram a tsakiyar baƙin kati kamar tambari. Ita Helix akwai wani laƙabi da ake mata a intanet mai jingina ido ga Mahalicci. Musulmi ba ya buƙatarsa, lambarta NGC 7293 ta isa. Sai Kaza da 'Ya'yanta, Surayya, M45, wadda kakanninmu suka sani tun kafin a ƙera wata na'ura. Taurarinta suna lulluɓe da shuɗin gajimare mai kyau, amma shuɗi shi ne launin da ya fi wahalar da maɗaba'a, za mu zo kansa.

Andromeda ba nebula ba ce, ko da yake za ka gan ta a cikinsu idan ka yi bincike. Babban gungun taurari ne mai zaman kansa, nisan shekarun haske miliyan 2.5, wanda Abdurrahman as-Sufi ya siffanta a 964 da ɗan ƙaramin gajimare. In kana so ka saka ta, amma kar ka rubuta mata sunan da ba nata ba.

Wani zai tambaye ka ko launukan na gaskiya ne, gara ka san amsa. Gajimaren na gaskiya ne, siffar ta gaskiya ce, launin kuwa sau da yawa masana ne ke raba shi. A hotunan Hubble da yawa, hasken farar wuta ana ba shi ja, na haidirojin kore, na oksijin shuɗi, don a bambance su. Webb kuma mafi yawan abin da take gani hasken infared ne, wanda idon mutum ba ya gani sam, sai an mayar da shi zuwa launukan da muke gani.

Inda za ka sauko da shi, da haƙƙin mai shi

Kar ka ɗauki hoto daga Pinterest ko Instagram ko wanda aka turo a guruf. An matse shi, ba ka san mai shi ba, kuma yanzu da yawa ba nebula ba ce ma, ƙirƙirar kwamfuta ce. Je ka tushe: shafin esawebb.org, esahubble.org, eso.org, ko shafukan NASA. Uku na farkon suna sakin hotunansu a ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, wanda ya halatta maka amfani har a kasuwanci, da sharaɗin ka ambaci masu shi kamar yadda aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Hotunan NASA galibi ba su da ƙaidin mallaka, amma ba a yarda ka saka tambarin hukumar ba, ko ka nuna kamar tana goyon bayan harkarka.

Tarko biyu ne a nan. Shafin NASA mai fitar da hoton samaniya guda kowace rana, APOD, hotunansa da yawa na masu ɗaukar hoto ne masu zaman kansu, kuma mallakarsu ce, sai da izini. Sannan babban shafin ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, yana da nasa sharuɗɗan daban da na shafukan Hubble da Webb. Karanta layin da ke ƙarƙashin kowane hoto kafin ka sauke.

Ambaton masu hoto ba zai ci maka wuri ba. Ɗan siririn layi a gefen bayan katin, misali "NGC 3324. NASA, ESA, CSA, STScI", ya sauke nauyin, kuma yana ƙara wa katin kwarjini. A wajen saukewa zaɓi babban JPEG ko TIFF. Kar ka yi sikirinshot.

Girma da yanka

Tambayi maɗaba'ar girman da wuƙarsu ta saba yankawa kafin ka fara zane. Galibi santimita 9 da 5.5 ne, ko 9 da 5, ko 8.5 da 5.5 wanda ya yi kusa da girman katin banki kuma ya fi shiga walat. Mu ɗauki milimita 90 da 55.

Tunda hoton zai cika katin har baki, dole ka ba shi rarar yanka, milimita 3 a kowane gefe. Wato filin zanenka ya zama 96 da 61. Dalili kuwa wuƙa tana sauka a kan tulin takardu ne, kuma tana iya gocewa da milimita guda. In babu rara, sai ka ga farin zare a gefen baƙin kati, abin da ido ba ya yafewa. Ta ciki kuma, kar wani harafi ya matso bakin yanka da ƙasa da milimita 4. Kar ka zana wa katin siririn firam a kewaye, don ɗan gocewar nan za ta sa gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Ana buga kati da ɗigo 300 a kowane inci. A lissafi, filin 96 da 61 yana buƙatar fiksel 1,134 da 720. Hotunan Hubble da Webb dubbai ne a kowane gefe, ma'ana kana iya yanko ɗan lungu guda ka bar sauran, kuma wannan shi ne sirrin kati mai kyau. Nebula gaba ɗayanta a kan santimita tara tana zama tabon launi kawai. Amma ɗan yanki, ƙoƙuwar ginshiƙi ɗaya ko gefen tsauni guda da taurari uku a samansa, yana da siffar da ido ke kamawa. Kuma dubban mutane sun yi amfani da hoton, amma yankin da ka zaɓa naka ne. Lura da manyan taurari masu tsinkaye: na Hubble huɗu, na Webb shida manya da biyu ƙanana. Ɗaya a kusurwa ado ne, amma in tsinken ya ratsa ta cikin lambar waya ya ɓata ta.

Da Canva a waya ana iya gama aikin. Mai kwamfuta yana da GIMP don gyaran hoto, Inkscape ko Scribus don jera rubutu, duka kyauta. Mai Photoshop da Illustrator ba sai an faɗa masa ba.

Jera rubutun

Tsari biyu ne ke aiki. Ko dai hoto ya mallaki fuska ɗaya, da suna kaɗai a kai, sauran bayani ya koma baya a kan fili mai haske, ko kuma a raba fuska ɗaya, hoto a kashi ɗaya cikin uku, rubutu a sauran. Ni na farkon nake zaɓa. Na ukun da kowa ke fara gwadawa, wato watsa dukkan rubutu a kan hoton, shi ne ke haifar da katin da dattijo zai juya ya juya ya miƙo maka ya ce, "Ɗana, karanta min."

In za ka ɗora suna a kan hoto, nemi wuri mafi duhu da natsuwa, ka ƙara masa duhu da inuwa mai narkewa a hankali, ka goge ƙananan taurarin da ke bayan harufan, don a Larabci tauraro guda kusa da harafi yana iya zama ɗigo, ya mayar da ra ta koma zai. Farin rubutu a kan duhu yana sirancewa wajen bugu saboda tawada tana ɗan malalowa cikinsa, don haka zaɓi harufa masu kauri. Suna ya kai maki 11 zuwa 13, sauran kar su gaza 8.

A Saudiyya kati mai Larabci da boko ya fi amfani, kuma nan ne kurakurai suka fi taruwa. Ba kowane salon harufa ne ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis. In salon ba shi da su, kwamfuta za ta aro harafin daga wani salon ya fito a karkace, ko ta saka akwati. A Larabci, Cairo da Tajawal suna fitowa tsaf a ƙaramin girma, Amiri kuwa kyakkyawa ne amma siririn jiki gare shi, ya fi dacewa da farin fili. Wasu manhajojin suna warwatsa harufan Larabci ko su jera su daga hagu, sai ka duba da idonka. Rubuta sunanka na Larabci da kanka, daidai da yadda yake a iƙama, kar ka bar wa ma'aikacin maɗaba'a ya ƙaga daga yadda ya ji a kunne. Mai suna Ɗahiru ya san abin da nake nufi.

Lambar waya ita ce babban rami. Idan ka rubuta ta da tazara tsakanin rukunonin lambobi a cikin layin Larabci, kwamfuta tana iya juya jerin rukunonin, na farko ya koma ƙarshe, kuma ba za ka lura ba sai an kira ba a same ka ba. Ba ta akwatin rubutu nata daban, daga hagu zuwa dama. Fara da +966 ka jefar da sifilin farko, don mutumin Kano ko Damagaram ko Kasala da ya koma gida ya iya kira. In kana da layin gida, +234 ko +227 ko +249, nuna wanne ne na WhatsApp.

Lambar QR tana da amfani, musamman mai buɗe WhatsApp kai tsaye. Amma kar ka ɗora ta a kan nebula. Baƙa a kan farin murabba'i, faɗinta ya kai santimita 1.5 zuwa 2, da farin fili a kewaye.

Launi, inda aikin yake

Allo yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugu yana haɗawa da tawada huɗu, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta iyawa, kuma abin takaici su ne launukan nebula: shuɗi mai ƙyalli, ruwan hoda mai walƙiya, shunayya mai zurfi. Da ka mayar da hoton CMYK za ka ga ya dushe. Kar ka firgita, gaskiyar takarda ke nan, gara ka gan ta yanzu.

Abin yi na farko, rage hasken allonka zuwa rabi ko ƙasa, don abin da ka gani a haka ya fi kusa da abin da za ka karɓa. Na biyu, haskaka tsaka-tsakin hoton, ba wurare masu haske ba kuma ba baƙin fili ba, sai gajimaren da ke tsakani, har ka ji kamar ka ɗan wuce gona da iri. Ɗigon tawada yana faɗaɗa idan ya sauka a takarda, duk abin da ke da duhu yana ƙara duhu, kuma siraran zaren gajimaren su ne ke fara nutsewa. Na uku, kula da shuɗi. Idan adadin M, wato jan, ya matso kusa da na C, wato shuɗin, shuɗin sama zai koma shunayya. Ka bar C ya fi M da kamar maki 30.

Sai baƙi. Tawadar K, wato baƙar, ita kaɗai a kan babban fili tana fitowa ruwan toka mai duhu, kamar ta koɗe. Masu bugu suna haɗa baƙi mai kauri, misali C 60, M 40, Y 40, K 100. Idan kana da fili baƙi kusa da hoton, daidaita shi da baƙin cikin hoton, in ba haka ba za a ga layin da suka haɗu. Amma kar jimlar tawada huɗun ta haura kusan 300, don takarda za ta jiƙe, ta ƙi bushewa, katuna su manne wa juna. Ƙananan baƙaƙen harufa a kan farin fili kuwa K 100 kawai za ka ba su, saboda in launi huɗu suka haɗu a kan siririn harafi kuma ɗaya ya goce, sai ya yi inuwa.

Kafin ka wahalar da kanka, tambayi maɗaba'ar wane iri suke so. Wasu injunan dijital sun fi fitar da launi mai kyau in an ba su RGB su juya da kansu. A ƙarshe fitar da fayil ɗin PDF na bugu, da rarar yanka da alamun yanka, kuma a mayar da harufa zane don kar salon ya canza a kwamfutarsu. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin dakumen, don in ka tura a matsayin hoto za a matse shi.

Takarda da leda

Araha ba ta ado. Nemi kushe, wato takarda mai sulɓi, mai giram 350, kar ka sauka ƙasa da 300. Kati mai duhu dole a lulluɓe shi da salufan, wato siririyar ledar da ake manna wa takarda, in ba haka ba tawada tana karcewa kuma gefuna suna farfashewa su yi fari. Mai sheƙi, lami'i, yana zurfafa baƙi ya tayar da launi, amma yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila kuma ba a rubutu a kansa. Marar sheƙi, maɗfi, ya fi kamala a hannu, sai dai yana ɗan dusar da hoton kuma yana riƙe shatin yatsa. Haɗin da na fi so shi ne maɗfi a ko'ina, sannan a ɗora sheƙin UV a kan suna ko a kan gajimaren kaɗai. Yana ƙara kuɗi, kuma yana buƙatar fayil na biyu mai nuna inda sheƙin zai sauka. Basma, wato dannen rubutu da ƙyalli, ruwan gwal a kan suna tana kyau da hoton Carina, amma ba ta son siraran harufa. In kana yawan rubuta wani abu a bayan kati, ce a bar bayan babu leda. A zagaye kusurwoyi in da hali, sun fi jure aljihu.

A maɗaba'a

In ɗari ko ɗari biyu kake so, bugun dijital ne naka. Ana jera katuna kimanin ashirin a babbar takarda guda, ma'ana kana iya ba da hotuna huɗu ko biyar daban-daban da rubutu iri ɗaya, mai karɓa ya zaɓi wadda ta yi masa. Ofset, wato bugun babban inji mai faranti, sai daga dubu zuwa sama yake da riba, kuma sau da yawa ana haɗa katinka da na wasu a faranti ɗaya, a daidaita tawada don kowa, ba don nebularka ba. Tambayi wannan a fili.

Kar ka biya kuɗin duka sai ka ga barufa, wato bugun gwaji, a kan ainihin takardar, da ledar a kai. Ka ce masa, "Ya mu'allim, fitar min da guda ɗaya tukuna." In ya nuna maka allo ya ce haka zai fito, ka yi murmushi ka nace, gani ya kori ji. Fita da ita waje ka duba a hasken rana, ka sake dubawa a cikin shago, yadda mai sayen shadda ke yi kafin a yanka masa. Miƙa wa wanda ya haura shekara hamsin ya karanta ba tare da ka taya shi ba. Kira lambar da ke jiki, kana kallon katin ba kana tunowa da ka ba. Gwada QR ɗin da waya biyu. In hoton ya yi duhu, koma ka ƙara haske ka sake neman barufa, kuɗinta bai kai na kwali guda da za ka zubar ba. Wadda ka amince da ita, sa hannu a bayanta ka ɗauki hotonta, ita ce hujjarka ranar karɓa.

Ranar karɓar, zaro katuna daga gaba da tsakiya da ƙarshen kwalin ka jera su, don launi yana iya sauyawa a tsawon bugu. Duba gefuna ko akwai farin zare, ka lanƙwasa guda ɗaya kaɗan ka ga ko ledar tana ɗagowa.

Zafin ƙasar nan da laimar Jidda ba sa raga wa salufan. Kwalin da aka bari a mota da rana zai lanƙwashe, ledar ta kumbura. Ajiye shi a ɗaki, ka riƙa ɗaukar kaɗan a ƙaramin akwatin kati. Adana fayil ɗin da ake iya gyarawa tare da PDF ɗin da asalin hoton a wuri ɗaya, ka rubuta sunan takardar da nauyinta da irin ledar, saboda ranar da lamba ko wurin aiki ya canza. Tsofaffin katunan da suka rage, musamman in sunanka irin su Abdullahi ne ko Abdurrahman, a yayyanka su ko a ƙona maimakon a zuba a kwandon shara.